Digirina na Turanci da takardar da Baba ya sa wa hannu

Akwai wata tambaya da duk wanda ya karanta Turanci a jami'a ya san ta, "toh in ka gama aikin me za ka yi da shi?" Shekara biyar ina jin ta a makaranta, na gama na ƙara wasu shekarun ina jin ta a gida, kuma abun haushin ni kaina ba ni da amsa a lokacin. Kwanan nan yara ke ta turo min saƙo wai jami'a ta ba su sashen Turanci alhali ba shi suka nema ba, su karɓa ne ko su jira wata shekarar, na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya shi ya sa na ce bari kawai in zauna in rubuta abin da ya same ni.

Ni ne babba a gidanmu. Baba direba ne a wani kamfani, shekara goma sha tara yana ja musu mota, bai yi boko ba, iyakarsa sa hannu da karanta lamba. Ina aji uku a sakandare ya yi hatsari a bakin aiki ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Da ya fito asibiti aka kira shi ofis aka miƙa masa wata takarda shafi biyu da Turanci, aka ce ta kuɗin magani ce ya sa hannu, ya sa. Bayan wata uku ya koma da sandarsa yana tambayar sauran haƙƙinsa, sai aka zaro takardar nan aka nuna masa ai shi da hannunsa ya yarda an sallame shi kuma ba ya bin kowa ko sisi. Ranar da ya dawo ba zan manta ba, ya zauna bakin gado ya jingine sandar ya miƙo min kwafin ya ce karanta min. Ni da nake na ɗaya a Turanci a ajinmu, na karɓa da ƙwarin gwiwa, na yi layi uku na tsaya cak. Rabin kalmomin na san su amma jimlar ta ƙi ƙarewa, ana ta hereinafter ana ta notwithstanding kamar ba Turancin da ake koya mana ba. Na ce Baba ban gane ba. Bai yi faɗa ba, ya ninke ta gida huɗu ya sa aljihu ya ce, "Lauya za ka zama." Daga ranar maganar ta zauna a gidan, har ƙannena barista suke kira na.

Sau biyu ina zana jarabawar shiga jami'a ina neman lauya makina bai kai ba. A karo na biyu, 2009 ke nan, sunana ya fito amma a sashen Turanci. Da na gaya wa Baba shiru ya yi na ɗan lokaci sannan ya ce, "Turancin da ka riga ka iya ne za ka je ka yi shekara huɗu a kansa?" Umma ce ta sa baki ta ce a bar yaro ya tafi, zaman gida ya ishe shi haka. Na tafi da niyyar in na yi shekara ɗaya zan nemi canji zuwa lauya, ban san canjin ma sai wanda ya ci sosai ake ba wa ba.

Ni a tunanina karatun Turanci shi ne a koya maka manyan kalmomi ka riƙa zubawa mutane na buɗe baki. Ashe abu biyu ne a haɗe, ɓangaren harshe da ɓangaren adabi. Na adabin karatu ne ba ƙaƙƙautawa, littafi kan littafi, wasan kwaikwayo da waƙe da ƙagaggen labari, kuma ba a tambayar ka me ya faru a labarin, tambayar ita ce me ya sa marubucin ya faɗe shi haka bai faɗe shi wata hanyar ba. Na harshen kuwa kusan lissafi ne, a ɗauko jimla a farfasa ta a zana ta kamar bishiya mai rassa irin tsarin da ya biyo bayan aikin masanin harshe Noam Chomsky na 1957, sai nazarin ma'ana, sai ilimin furuci, wanda shi ne ya kayar da ni. A nan na fara jin cewa Turanci haruffansa 26 ne amma sautukansa kusan 44, baƙaƙe 24 wasula 20, ni kuwa na taso da wasula biyar masu tsawo da gajarta a bakina. Kuma sautin da ya fi yawa a maganar Bature wani raunanan wasali ne da ko harafinsa na kansa ba shi da shi, shi ne a farkon about da ƙarshen teacher, mu kuma kowane wasali sai mun cika shi fam.

Amma abin da ya kunyata ni p da f ne. Malamin ya sa kowa ya riƙe fallen takarda gaban bakinsa ya ce pin, in ka faɗa daidai iskar da ke fita za ta kaɗa takardar lokaci ɗaya. Ana bin layi har aka zo kaina, aka ba ni jimla mai people a ciki, na buɗe baki na ce fiful. Ajin mutum sama da ɗari ya ɗauki dariya, shi malamin bai yi dariya ba amma ya sa na maimaita sau biyar ina tsaye, kowane karo dariyar na ƙaruwa. Wallahi daga ranar har zangon ya ƙare ban sake ɗaga hannu a aji ba, ko na san amsa sai in haɗiye. Na fara ƙin zuwa lakcar, jarabawa ta zo aka ba mu sakin layi mu rubuta shi da alamomin furuci na ga kamar rubutun aljanu, na faɗi. Na maimaita na sake faɗi. Kwas ɗin nan guda ɗaya shi ya ƙara min shekara, shi ya rufe maganar canji zuwa lauya, kuma ban gaya wa Baba gaskiya ba, cewa na yi an tsawaita mana karatu ne.

Kwas ɗaya ne na so tsakani da Allah, tarihin harshen. A nan na ji cewa a 1066 Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, sai Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, talaka na Turancinsa masu mulki na nasu. Shi ya sa har yau takardun shari'a ke jera kalma biyu masu ma'ana kusan ɗaya, irin will and testament, ɗaya ta gida ɗaya baƙuwa. Kuma rubutun ya fara daskarewa bayan wani mai suna Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476 alhali furucin wasulan na kan canzawa, shi ya sa though da through da tough suka yi kama a takarda amma a baki kowa hanyarsa daban. Ina zaune a ajin nan na tuna takardar Baba, na ce ashe su ma Turawan an yi zamanin da ake yanke wa talakansu hukunci da harshen da ba ya ji. Abun ya tsaya min a rai amma ban yi komai da shi ba, na rubuta a jarabawa na ci na wuce.

Wani abu kuma da nake jin kunyar faɗa, a shekarun nan na zama mutumin banza. Raunin da aka yi min a aji sai na huce shi a kan na ƙasa da ni. In na dawo hutu Turanci nake wa ƙannena, wanda ya yi kuskure in gyara masa a gaban mutane, saƙon abokai ma sai na mayar musu da gyara. Hausa kuwa na ɗauke ta harshen hira, me za a karanta a cikinta. Da aka koya mana muhawarar marubutan Afirka kan harshen da ya kamata su yi rubutu da shi, wadda ta yi zafi bayan taron marubuta na Jami'ar Makerere da ke Uganda na 1962, Chinua Achebe na Najeriya na ganin a lanƙwasa Turanci ya ɗauki kayanmu, Ngugi na Kenya kuma daga baya ya koma rubutu da harshensu na Gikuyu, ni na tsaya bayan Turanci da ƙarfi har da buga tebur. Ba don na fahimci hujjar Achebe ba ne fa, don dai ina ganin Turanci shi ne abu ɗaya da na fi mutanen gidanmu da shi.

A 2014 na fito da sakamako mai rauni, irin wanda in ka miƙa sai mai karɓa ya dube ka ya sake duban takardar. Nan aka shiga neman aiki. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne da wuya ka ga tallan aiki da aka ce mai digirin Turanci kawai ake nema. Injiniya an san inda za shi, likita an san inda za shi, mu kuwa namu shi ne wanda aka ce kowane fanni, wato kai da dubban mutane. Na yi jarabawar banki lissafi ya kore ni. Na je intabiyu a wata jarida editan ya ce ina abubuwan da ka taɓa rubutawa, na ce ai digirina na Turanci ne, ya ce na gani, ina rubutun? Ba ni da ko ɗaya. Shekara biyar a sashen Turanci ban taɓa rubuta wa mujallar ɗalibai layi ɗaya ba, ban taɓa leƙa rediyon makaranta ba, waɗanda ke yi ma kallon marasa aikin yi nake musu.

Ƙarshe dai koyarwa na samu a wata makarantar kuɗi, aji shida, littattafan insha'i sama da ɗari biyu duk mako, ga adabi an ɗora min, wani zangon har da darasin da ban taɓa karantawa ba. A nan na gane sanin abu daban koyar da shi daban. Wata yarinya ta tambaye ni me ya sa ba a cewa I have went, na tashi na cika allo da zanen bishiya da sunayen nahawu, na juyo na ga idanu arba'in ba wanda ya gane, ita kuma ta ce toh Malam kawai za mu haddace. Digirin Turanci ba ya koya maka koyarwa, akwai difloma ta ilimi da ake yi bayan digiri don haka, ni ban yi ba, kuma yaran nan su suka biya kuɗin jahilcina. Albashi kuma sai a yi wata uku huɗu ana cewa iyaye ba su biya ba. Na yi shekara biyu da wani abu na bari ina bin su bashi, har yau.

A 2017 Baba ya kwanta. Likitoci suka ce sai an yi aiki, da daddare nas ta kawo takardar amincewa ta ce a karanta masa ya sa hannu kafin safe. Da ya ga takarda sai na ga jikinsa ya yi wani iri, ya ture biron ya ce ba zai sake sa hannu a abin da bai ji ba, ya juyo ya ce, "Karanta min." Wannan karon na gane komai, kowace kalma, babu jimlar da ta fi ƙarfina, har wani daɗi na ji ya taso min. Sai na buɗe baki in faɗa masa, Hausar ta ƙi zuwa. Ina so in ce masa za a sa shi barci kuma akwai haɗarin da ke tattare da hakan ga mai shekarunsa, akwai yiwuwar zubar jini, yana da damar ya ƙi, sai na ji kaina ina cewa za su yi maka anaesthesia ne kuma akwai risk na complications. Ya dube ni da idanun nan da suka faɗa ya ce, "Da Hausa nake tambayar ka." Na sake gwadawa na sake cakuɗawa. Wata tsohuwa mai jinyar mijinta a gadon kusa, wadda ta yi aikin asibiti a da, ita ta matso ta ce Alhaji ga abin da suke nufi, cikin minti biyu ta warware masa tas, ya yi tambaya biyu ta amsa, ya karɓi biro. Ni ina tsaye riƙe da takardar kamar an dasa ni. An yi aikin, likitocin sun yi iya ƙoƙarinsu, amma kwana tara bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ɗaki na shige, ba fita ba wanka sai Umma ta yi magana, waya a kashe. Ba mutuwar kaɗai ba ce, kowa zai mutu, abin da ke cina shi ne sau biyu mutumin nan ya miƙo min takarda a rayuwarsa, na farko ban iya Turanci ba na biyu ban iya Hausa ba, tsakaninsu kuma ya sayar da abin da ya sayar don in yi karatu. In na kwanta maganar nan ce ke dawowa, da Hausa nake tambayar ka. Satifiket ɗin ma na cire shi daga inda Umma ta rataye na tura ƙarƙashin katifa. Yanzu na san ciwon damuwa ne ya kama ni kuma ya kamata a ce na ga likita, a lokacin cewa nake kasala ce.

Wani abokina da muka yi aji ɗaya ne ya zo har ɗaki ya ce wata ƙungiya mai aikin lafiya na neman masu fassara Turanci zuwa Hausa, gwaji ne kalma ɗari biyar, in gwada. Na ce a raina wannan ai wasa ne, Hausa ce fa. Na yi cikin awa ɗaya na tura. Bayan kwana biyu aikin ya dawo ja-wur da gyara, kusan ba layin da ba a taɓa ba, wadda ta duba wata dattijuwa ce da ta yi shekaru tana aikin rediyo, ta sa lambarta ta ce in kira. Na kira ina shirin kare kaina, ta ce, "Ɗana, Turancinka ba laifi, amma Hausarka ta ɗan firamare ce." Ta fara bi da ni ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta ɗauki magani sau biyu a rana, ta ce ɗauka ya kai ina, magani sha ake yi. Na rubuta babban matsin jini, ta ce ka taɓa jin mahaifiyarka ta faɗi haka, hawan jini ake cewa. Ban sa ƙugiya a ko harafi ɗaya ba, ta ce karanta min wannan, kasa ne ko ƙasa, bata ne ko ɓata, in ka rubuta wa mai ciki abin da za a iya karantawa iri biyu wa zai ɗauki alhakinta? Sai rabe kalmomi, na haɗe za su na raba yana, duk a juye. Abin da ya fi ci min rai da ta ce jimlolina Turanci ne sanye da rigar Hausa, in aka cire kalmomin ƙashin bayan na Bature ne. Na ce Hajiya toh ya zan yi, ta ce ka koma makaranta, amma wannan karon a gidanku take.

Kar wani ya duba rubutun nan ya ce ina gyaran, a waya nake bugawa kuma hira muke.

Wata shida na yi ina koyon harshen da na tashi da shi. Na nemo littafin ƙa'idojin rubutu da ƙamus, da safe in kunna labaran sashen Hausa na BBC, wanda tun 1957 suke wannan aikin, da na Muryar Amurka da na Jamus, in riƙe littafi ina rubuta yadda suka juya abin da na riga na karanta da Turanci. Amma babbar malamata Umma ce. In na maƙale sai in fito tsakar gida in ce Umma in mutum yana jin kaza da kaza a jikinsa ya ake cewa, ta faɗa min ba tare da ta ɗago ba, kalma ɗaya ta share min jimla mai layi biyu. Ita dai murnarta na fito ɗaki. Kuma a nan ne abun mamaki ya faru, duk karatun da na ɗauka asara ne ya fara dawowa yana min aiki. Zanen bishiyar nan da na kasa koya wa yara da shi, shi ne ke nuna min inda doguwar jimlar lauya ta dosa, wane ne ya yi, me aka yi, wane sharaɗi ke rataye da wane. Adabin da ya koya min tambayar me ya sa aka faɗa haka shi ke sa in ji in marubuci na lallashi ne ko gargaɗi ko ɓoye wani abu. Har ilimin furucin da ya kayar da ni sau biyu ya yi rana da na fara rubuta maganar da aka naɗa. Hajiya ta sake ba ni gwaji, wannan karon gyara bakwai kawai, ta sa ni a jerin masu yi musu aiki.

Aikin fassara da kalma ake biya, ba da shafi ba, kuma mai fassara mai kyau a rana ba ya wuce kalma dubu biyu zuwa dubu uku in yana son ya yi abin kirki. Takardun lafiya sau da yawa sai an ba wani daban ya mayar da Hausarka Turanci ba tare da ya ga asalin ba, a kwatanta a ga ko ma'ana ta zube a hanya. Na koyi manhajojin da ke ajiye jimlolin da ka taɓa fassarawa, na fara da OmegaT don kyauta ce, daga baya Trados. Na koyi rubutun ƙasan fim, layi biyu kacal, kowane layi kusan harafi 42, mutum ya yi magana mai tsawo kai kuma ka matse ta cikin daƙiƙa uku. Da korona ta zo a 2020 aiki ya yi yawa har ba barci, muna ta gardama a waya kan killace kai da ba da tazara da takunkumin fuska, wacce tsohuwa za ta ji ta gane ba sai an yi mata bayani ba. A shekarar ne na fara ɗaukar nauyin gidanmu gaba ɗaya.

Ba zan ce muku hanya ta miƙe ba. Tunda injunan fassara suka yi ƙarfi, musamman daga ƙarshen 2022, aiki da yawa ya koma a ba ka abin da inji ya yi ka gyara, kuɗin kuma ƙasa da na da, wani lokacin gyaran ya fi sabon aiki wahala don injin zai rubuto Hausa mai santsi wadda ma'anarta ta karkace. Akwai watan da imel ba ya shigowa sam. Shi ya sa na ƙara da gyaran rubutu, littattafai da rahotannin ƙungiyoyi da kundin ɗalibai, yanzu ma shi ya fi riƙe ni.

'Yan ajinmu kuwa in na duba, mafi yawa koyarwa suke, wasu da so wasu da dole, kuma waɗanda suka yi diflomar ilimi sun fi samun wuri mai kyau. Wacce muke wa dariya don kullum tana rediyon makaranta yanzu muryarta ake ji a labarai. Ɗaya jami'in hulɗa da jama'a ne, shi ke rubuta jawabin shugabansu da sanarwar manema labarai. Ɗaya ya yi digiri na biyu da na uku ya koma sashen yana koyarwa, shekara kusan goma ya ƙara. Wata tana shirya masu zana IELTS ta intanet, jarabawar nan ta gwada iya Turanci mai sashe huɗu, saurare da karatu da rubutu da magana, da makinta ke tsayawa a 9, ita sai da ta yi kwas ɗin koyar da Turanci na CELTA na Cambridge, awa 120 da koyarwar gwaji awa shida ana kallon ka, kafin ɗalibai suka fara yarda da ita. Akwai mai rubuta wa kamfanoni talla, akwai wanda ya shiga aikin gwamnati, akwai wanda ya koma ya karanta lauya daga farko. Shi ne ma ya gaya min a Amurka sai ka gama digirin farko a kowane fanni kake shiga makarantar lauya ta shekara uku, kuma masu Turanci da yawa can suke nufa, na ce kai da Baba ya ji wannan. Akwai kuma waɗanda har yau ba su samu komai ba, kuma ba don sun fi mu rashin ƙoƙari ba. Abin da na lura dai duk wanda ya tsaya da ƙafarsa akwai wani abu da ya ɗora a kan digirin, murya ko alƙalami ko aji ko harshe na biyu, kuma yawanci tun yana makaranta ya fara. Yaran da ke tambaya ta su karɓa ko su jira, abin da nake ce musu ke nan, in karatu mai yawa ba ya gundurar ka karɓa, amma kar ka fito hannu biyu da satifiket kawai kamar ni.

Bara Umma ta ce in buɗe akwatin Baba a fitar da takardun da ke ciki, tun rasuwarsa ba wanda ya taɓa. A ƙasa cikin wata leda na same ta, ninki huɗu, ta yi ruwan ƙasa har ta fara rabewa a wajen ninkin. Na kai ta ɗaki na zauna na fassara ta kamar yadda zan yi wa wanda zai biya ni, kalma ɗari shida da 'yan kai, na duba sau biyu na buga a takarda. Da daddare na ce Umma zauna ki ji abin da Baba ya sa wa hannu. Na karanta mata tun daga sama, an biya shi kaza a matsayin biya na ƙarshe, ya yafe duk wata ƙara ta yanzu da ta nan gaba, shi da magadansa. Tana ji tana gyaɗa kai. Sai na zo layin ƙarshe, wanda ke saman sa hannunsa, wanda ina yaro ban ma kai gare shi ba: na tabbatar an karanta min wannan takarda an kuma yi min bayaninta da harshen da nake ji, na fahimce ta sarai kafin na sa hannu.

Umma ta ce, "Wa ya karanta masa?"

Na ce ba kowa.

Ta yi shiru, sannan ta miƙo hannu ta karɓi ta Hausar, ta ninke ta gida huɗu ta haɗa da tasa ta mayar cikin ledar.